Ranar da ido ke gani bayan ta faɗi

A mahaɗar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, mai azumi kan sha ruwa kusan minti 13 kafin ɗan'uwansa na Yamai, alhali agogonsu ɗaya ne. Mutumin Difa kuwa yakan riga na Yamai da fiye da minti 40. Da duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, da magariba ta yi wa kowa lokaci guda.

Masu musun cewa duniya mulmulalliya ce dai ba su rasa abin faɗa ba. Bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok cewa suke rana ba ta faɗuwa, nisa kawai take yi, wai iska ce ke lanƙwasa haskenta har a ga kamar ta nutse.

Lanƙwasar haske gaskiya ce. Duk wanda ya tsoma ludayi a ruwa ya ga mariƙinsa kamar ya karye. Haka hasken rana ke yi idan ya ratso iska mai kauri ta kusa da ƙasa. Sai dai sama yake ɗaga ranar, ba ƙasa ba. Yakan ɗaga ta da rabin digiri da ɗoriya, faɗinta kuwa a ido rabin digiri ne. Ke nan lokacin da manomin albasa ya ga gindin rana ya taɓa ƙasa, ta riga ta faɗi. Kyautar kimanin minti biyu iska ta yi masa. Shi ya sa ma take fitowa a ɗan maƙure kamar ƙwai, don gindinta ya fi samanta ɗaguwa. Hujjar da masu musun suka ɗauko ita ke ƙaryata su.

Wannan ba ilimin Turawa kaɗai ba ne. Wajajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya tura masana su auna girman duniya, Ibnul Haisam kuma ya yi bayanin lanƙwasar haske a Alƙahira shekaru dubu da suka wuce. Musun kuma ba wasa ba ne: yana cikin abin da Muhammad Yusuf na Boko Haram ya faɗa wa BBC kafin mutuwarsa a 2009.

Malaman makarantun Ƙonni, Malbaza da Illela, kafin hazo ya rufe sama, ku fita da yara bayan gari da yamma su gani da idonsu.