«Allah shi biya ka» ba albashi ba ne

Ƴan uwa, muna yawan faɗi a tarukanmu cewa ilimi haƙƙin kowa ne. To, akwai ɗaliban da sunka ci bak da guminsu, sunka biya kuɗin rajista kamar kowa, amma in sun shiga amfi babu abin da ke isa gare su sai motsin leɓen malami. Kurame nake nufi. Ni tafinta ne na harshen hannu, shekara huɗu ke nan ina tsayawa tsakaninsu da malamansu a wata jami'a, kuma na gaji da jin magana guda daga bakin manya: «Kai dai Allah shi biya ka.» Amin. Amma mai yi mini addu'ar ƙarshen wata yana amsar albashinsa, ni kuwa in koma gida in ranci kuɗin kabu-kabun gobe.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, don da yawa sun ɗauka kaɗa hannu ne kawai. Malami na magana da Faransanci, da sauri, a kan tattalin arziki ko doka. Ni ina saurare, ina kama ma'ana, ina sāke gina ta cikin wani harshe mai nahawunsa daban, alhali kunnena ya riga ya tafi ga jimla ta gaba. A harshen hannu gira da ido da kafaɗa duk nahawu ne: ɗaga gira na iya maida magana tambaya. Idan kalmar ilimi ta zo wadda ba ta da alama tukuna, sai in rubuta ta harafi-harafi da yatsu, bayan darasi mu zauna da ɗaliban mu yarda a kan alamar da za mu riƙa amfani da ita. A ƙasashen da anka ɗauki sana'ar da gaske, tafinta biyu ke shiga aji, suna karɓar juna kowane minti 20 zuwa 30, domin bayan haka kai na gajiya, kuskure na yawa. Mu nan mutum guda ke yin awa uku ko huɗu a jere. Wuyan hannu da kafaɗa su ke biyan bashin da dare.

Ga kuma abin da mai ji bai taɓa tunani ba. In malami na shifta, kurma ba zai iya kallon tafinta ya kuma kalli takardarsa lokaci guda ba. Ko ya fahimta, ko ya rubuta. In malami ya juya ga allo yana cewa «wannan ku haɗa da wancan», kafin ɗalibin ya ɗauke ido daga gare ni an riga an goge. In kuran ya ɗauke da yamma, masu ji suna ci gaba da darasi cikin duhu, mu kuwa an rufe mana baki. Ranar jarrabawa kuma, ni da na fassara darasin shekara guda sai in zama abin zargi, wai kar in ba su amsa da hannu. An yarda da ni wajen wahala, ba a yarda da ni wajen amana ba.

Na san amsoshin da ake ba mu, na haddace su.

Ta farko: «Shi karanta leɓe mana.» Ku tsaya gaban madubi ku ce pain, bain, main. Leɓenku abu guda zai yi sau uku. Yanzu ku ƙara nisan mita goma, da gemu, da malamin da ke kai da komo. Wanda ke cewa a karanta leɓe a amfi bai taɓa toshe kunnensa na minti biyar ya gwada ba.

Ta biyu: «Shi ari takardun abokansa.» In takarda ta isa, mi ya sa ake biyan malamai su zo su yi bayani? A rufe amfi, a raba wa kowa takarda. Tambaya a aji, gardama, aikin ƙungiya, kāre kundi gaban alƙalai, duk wannan shi ne jami'a. Kuma kar a manta, Faransancin nan da mai ji ke sha da kunne tun firamare, kurma da ido kaɗai ya koye shi.

Ta uku: «Ai ba su da yawa.» Ba su da yawa a jami'a saboda rariyar da munka kafa tun ƙasa. Makarantun kurame a manyan birane suke, kamar Yamai, Maraɗi da Damagaram. Yaron ƙauye fa? Wanda ya gama firamare ya shiga koleji babu tafinta fa? Ƙasarmu na tsakiyar yankin sanƙarau wanda ya taso daga Senegal har Habasha. Mun ga annobar 1995, mun ga ta 2015. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin waɗanda sunka tsira daga mugun nau'in cutar, kusan ɗaya cikin biyar na fita da nakasa mai ɗorewa, kuma kurumta na cikinsu. Ke nan ɗan kowa na iya kwana da ji ya tashi babu. Ku kori mutane tun daga ƙofa, sa'an nan ku leƙa ɗaki ku ce babu kowa?

Ta huɗu: «Babu kuɗi.» Akwai kuɗin atelye a otal, da riguna da huluna, kowace 3 ga Disamba, ranar naƙasassu. A ranar ana nemanmu, a tsaida mu gefen mai jawabi don hoto shi yi kyau. Washegari ɗalibin ya koma amfi shi kaɗai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba alfarma muke roƙo ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a Disambar 2006, Nijar ta tabbatar da ita a 2008. Sashe na 9 ya ambaci ƙwararrun tafintocin harshen hannu. Sashe na 24 ya ce a ba naƙasassu damar shiga ilimi mai zurfi daidai da kowa, tare da gyaran da ya dace da bukatarsu. A cikin gida an yi dokar 1993 wadda ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ga kuma ta 2019 a kan shigar da su cikin al'umma. To da wane difloma kurma zai nemi gurbin, in an bar shi ya faɗi tun shekarar farko? An ba shi tulu, an hana shi hanyar rijiya.

Wannan gardamar tsohuwa ce. A 1880 malaman kurame, kusan dukansu masu ji, sunka taru a Milan ta Italiya sunka yanke cewa a daina koyarwa da hannu. Shekara 130 bayan haka, a 2010, taron ya fito a Kanada ya yi tir da matakin. A Washington akwai jami'ar Gallaudet tun 1864, inda ake karatu da harshen hannu har zuwa digirin dokta. A 1988 ɗalibanta sunka rufe ƙofofi har sai da anka naɗa musu shugaba kurma. Daga can ne Andrew Foster, baƙin Ba'amurke kurma, ya fito ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya ci gaba da kafa wasu a ƙasashen Afirka da dama. Shi ya sa harshen hannun makarantunmu ke da tushen Amurka. Kuma kafin shi, kuramen ƙasar Hausa na da maganar hannunsu ta gado, wadda wata mai bincike, Constanze Schmaling, ta yi nazari a Kano ta fidda littafi a 2000. Uganda ta sa harshen hannu cikin kundin mulkinta a 1995, Afirka ta Kudu ta maishe shi harshen hukuma na 12 a 2023. Mu dokarmu ta 2001 ta jera harsunan ƙasa goma, babu shi ciki. Mu da munka sha bulala a lakwal don mun yi Hausa ko Zabarmanci, mu ya kamata mu fi kowa sanin zafin a raba mutum da harshensa.

In anka bar sana'a babu horo babu biya, masu iyawa gudu suke yi, ƴan kame-kame su cika wurin. Duniya ta gani a Disambar 2013, wajen taron tunawa da Mandela, lokacin da wani ya tsaya kusa da shugabanni yana kaɗa hannu babu ma'ana. Can kyamara ta tona shi. A amfi wa zai tona? Ɗalibin ne zai faɗi, a ce ba ya da ƙoƙari.

Saboda haka ga abin da nake nema, daga ma'aikatar ilimi mai zurfi da shugabannin jami'o'inmu, na Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran. A buɗe gurbin tafinta cikin kasafi, da kontira da albashi. A sa mutum biyu ga kowane dogon darasi. Malamai su ba mu takardun darasi kafin ranar, a kuma tanadi mai rubuta wa ɗalibi. A rubuta ƙa'idar jarrabawa a fili, kowa shi san iyakarsa. A kafa sashen horar da tafintoci, kuma kurame su ne za su koyar su kuma tantance mu, domin harshensu ne. Ƙungiyar kuramen Nijar na nan. A kira ta teburin shawara, ba bikin rufewa ba.

Ku kuma ƴan uwa na ƙungiyoyin ɗalibai da na fararen hula, in kun rubuta takardar koke kan burs da abinci da motoci, ku ƙara wannan layin. In kun kira taro, ku sa tafinta cikin lissafi tun farko. In kun gamu da ɗalibi kurma, shi za ku kalla ku yi wa magana, ba ni ba. Ku raba wannan rubutu, ku kai shi gaban wanda ke sa hannu a kasafi. Addu'arku mun karɓa, mun gode. Yanzu a kawo kontira.