Ƙanjamau a Bakin Iyaka: Shirunmu Ba Zai Tsare Gidajenmu Ba

Jama'a, akwai maganar da muke kauce wa a zaurukanmu, amma tana nan tana cin gidajenmu. Duk wanda ya san Seme, ko Idiroko a Jihar Ogun, ko Mfum kusa da Ikom, ya san yadda tirela kan yi kwanaki tana jiran a sa hannu a takarda. Direbobinmu, fataken shanu da na goro, da 'yan ci-rani, a nan suke kwana, nesa da iyalinsu. A nan kuma mata masu zaman kansu suke, wasunsu 'ya'yanmu ne da mutuwar aure ko talauci ya koro daga gida.

Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 a Nijeriya na ɗauke da cutar. Amma a tsakanin matan da ke zaune a gidajen karuwai, binciken 2014 ya samu kusan kashi 19. Matar da ke ƙauyen bakin iyaka ta fi shiga haɗari: asibiti na da nisa, sau da yawa wayar da kan da ake yi da Turanci ne ko Yarbanci, ga tsoron kame, ga kwastoma mai ƙara kuɗi don a bar kwaroron roba. Wanda ya ɗauko a can, uwargida da amarya yake kai wa.

Wasu za su ce ai su suka jawo wa kansu. Ba ma goyon bayan wannan sana'a, kuma wa'azi na nan a wurinsa. To amma jaririn da aka haifa da cutar, me ya yi? Tsangwama ba ta rage cuta, sai dai ta sa mai ita ya ɓuya.

Ya kamata mu san haƙƙinmu. Tun 2006 gwamnati ke bayar da maganin rage kaifin cutar kyauta. Dokar hana wariya ta 2014 ta haramta nuna wa mai cutar bambanci a wurin aiki ko asibiti, ta kuma hana tona sirrinsa ba da yardarsa ba. Wannan haƙƙi bai ware Bahaushe baƙo ba, bai kuma ware mace mai zaman kanta ba. Mai shan magani kullum har ƙwayar cutar ta daina nunawa a jini ba ya sa wa abokin kwanansa, mai ciki kuma na iya haihuwar ɗa lafiyayye.

Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya koya mana kada mu zauna jiran na waje. Don haka muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin tasha su nemi jami'an lafiya su kawo gwaji har tasha, da mai fassara da Hausa. A zauna da magajiyoyi, domin su matan ke ji wa magana. Limamai su ci gaba da ƙarfafa gwaji kafin ɗaurin aure, tare da rufin asiri. Maigida kuma, in ka dawo daga tafiya, je ka gwada kafin ka shiga ɗaki.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu.