Takarda Ba Ta Tsayar Da Jini

Jama'ar Sabo, ba mu manta daren 16 ga Janairu 2024 ba, da abu ya fashe a Bodija, gidaje suka rushe, aka yi ta kwasar mutane zuwa asibiti. A irin wannan dare ba mai tambayar nas maki nawa ta ci. Hannunta ake kallo.

Yau 'ya'yanmu sun fara shiga makarantun koyon jinya, alhamdu lillahi. Amma in sun zo hutu me muke tambaya? "Kin ci jarrabawa?" Shi ke nan. Wasunmu ma cewa suke gwajin aiki ɓata lokaci ne, yarinya ta dai samo takarda. Haba jama'a! Mu da ba ma sayen goro sai an kwance huhu mun gani?

Gaskiya ne ana gwada su da majinyaci ɗaya a kan gado. To, mutum ashirin kwance a ƙasa, ba wuta, kowa na ihu fa? Wa za ta fara dubawa? Ta iya ɗaure jijiyar da ke tsiyayar jini? Ta san yadda ake ɗaga wanda bayansa ya karye?

Mu ba da harabar masallaci. Samarinmu su kwanta a matsayin masu rauni, malaman jinya su zo su ba da maki. Wadda ta faɗi ta sake. Gara ta faɗi a gabanmu da ta faɗi a kan ran ɗan wani.

Allah ya tsare mu.