JIFAN MUTUWA A LABARIN HARRY POTTER: WAI A HANNUN WA AJALI YAKE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a bakin wasu matasa, har da waɗanda ba sa rasa sahun farko ranar Juma'a, duk lokacin da aka yi masu nasiha kan finafinan matsafa da suka cika wayoyinsu da su. Sai su ce wai ai tatsuniya ce kawai. To, tatsuniya ce, ba wanda ya ce sandar da ke hannun ɗan wasa tana iya kashe ko da ƙuda. Amma ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ai da darasin da take cusa wa yaro, balle wadda aka kashe mata maƙudan kuɗi aka yaɗa ta a duniya.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan labarai shi ne Harry Potter na wata Baturiyar Ingila mai suna J.K. Rowling, littafi bakwai daga 1997 zuwa 2007, da fim takwas daga 2001 zuwa 2011. A littafi na huɗu, wanda ya fito a shekarar 2000, aka shigo da wasu jifa guda uku waɗanda dokar matsafan ta ce duk wanda ya yi wa mutum ɗaya daga cikinsu, hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Na farko yana mallake mutum ya koma raƙumi da akala, na biyu yana gana masa azabar da kan kai ga hauka, na uku kuwa kisa ne nan take. Kuma a ina aka fara bayanin su? A cikin aji, gaban yara 'yan shekara 14, inda malamin ya ɗauko gizo-gizo uku ya gwada a kansu ɗaya bayan ɗaya!

Shi wannan na ukun, mai suna Avada Kedavra, shi ne ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa. Matsafi zai nuna sanda, ya furta kalma biyu, koren haske ya fita, shi ke nan rai ya yi halinsa. Ba jini, ba rauni. A farkon littafin likitoci sun duba gawa uku ba su ga abin da ya kashe su ba. Ba shi da makari. Sharaɗinsa kuwa shi ne ƙarfin mai jifan da nufinsa, domin an nuna cewa yaro zai iya furta kalmomin bai ko sa mutum haɓo ba. Wato dai nufi, sai kalma, sai abu ya kasance. Subhanallah! Wane ne ke da wannan siffa in ba Ubangijin talikai ba? Ashe abin da ya keɓanta da Allah (T) aka ɗauko aka rataya wa bawa mai cin abinci, mai shiga kewaye.

Wannan da'awa ba sabuwa ba ce. Suratul Baƙara aya ta 258 ta ba da labarin sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim (AS), wanda malaman tafsiri suka ce Namarudu ne, yana riya cewa shi ma yana rayawa yana kashewa. Aya ta 102 a surar, wadda ta ambaci Haruta da Maruta, ta yanke cewa masu sihiri ba sa cutar da kowa sai da iznin Allah, kuma wanda ya zaɓi sihiri ba shi da rabo a lahira. Aya ta 145 a Ali Imrana ta tabbatar da cewa kowane rai da ajalinsa rubutacce. A duniyar Rowling kuwa ba Mala'ikan mutuwa, ba littafin ajali, ba wanda ake roƙo. Ko jaririn da jifan bai kashe ba, cewa aka yi sadaukarwar mahaifiyarsa ce ta zame masa wani tsohon sihirin da ya kare shi. Sihiri ya kashe, sihiri ya tsare. Shi kuma babban mugun labarin, ta hanyar kisa yake tsaga ruhinsa gida-gida yana ɓoyewa a cikin kayayyaki don kada ya mutu, sai ka ce ruhi ƙosai ne da za a gutsuttsura.

Masu kare littattafan sukan ce ai labarin ya la'anci waɗannan jifa, miyagu ne ke yin su, kuma shi Harry bai taɓa yin na kisan ba. Na ƙarshen gaskiya ne, kuma adalci ne a faɗa. Amma sauran fa? A littafi na shida, na 2005, malami ya kashe shugaban makarantar da wannan jifa, daga baya aka bayyana cewa shugaban ne ya roƙe shi, sai makashin ya tashi a gwarzo. A na bakwai, shi kansa Harry ya yi jifan mallaka a lokacin da suka kutsa bankin matsafa, sannan ya yi na azaba a kan wani mutum don ya tofa wa malamarsa yawu. Malamar har ta kira abin jarumta, ita ma ta juya ta yi wa mutumin jifan mallaka. Ina ɗaurin rai da ran? Ba wanda ya kwana ko da ɗaya a kurkuku a cikinsu. Ashe haramcin na abokan gaba ne, in namu ya yi to uzuri ne.

Nan ne gizo ke saƙar. Labarin gaba ɗaya ya ginu ne a kan cewa akwai sihiri mai kyau da mummuna, alhali a hadisin Abu Huraira (RA) na zunubai bakwai masu halakarwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, sihiri ya zo ne a tsakanin shirka da kisan kai, ba tare da an ware fari da baƙi ba. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da har yau ake ɗora mutuwar fuju'a a kan jifa da sammu, ake zargin kishiya ko tsohuwar unguwa da maita, ake sallama wa boka da sunan neman tsari. Matashin da ake fama da shi ya fita daga wannan jahiliyya, sai ga ta ta dawo masa sanye da rigar makaranta, tana Turanci.

Abin bai tsaya a kallo ba. A watan Fabrairun 2023 aka fitar da wasan kwamfuta mai suna Hogwarts Legacy, wanda kafin ƙarshen shekarar aka sayar da sama da kwafi miliyan 22. A cikinsa mai wasan ne da kansa zai zaɓi ya koyi jifan nan uku, ya danna da yatsansa, koren hasken ya fita, mutum ya faɗi, wasa ya ci gaba ba wanda ya tuhume shi. Sannan a watan Yulin 2025 tashar HBO ta Amurka ta fara ɗaukar labarin daga farko a matsayin shiri mai dogon zango, da sababbin yara 'yan wasa. Waɗanda aka nufa da shi su ne ƙannen 'yan'uwa da 'ya'yansu, waɗanda ke karɓar waya a hannunsu bayan Isha'i.