Filtar Mai: Araha Ba Ta Ado

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Gayan a birnin Zariya zai ga garejin bakanikai da shagunan kayan gyaran mota a bakin hanya. A nan ne ma'aikaci yakan kai motarsa a yi mata juyen baƙin mai. Sau da yawa yakan tsaya ya zaɓi mai da kansa, amma idan aka zo kan filta sai ya ce wa yaron gareji ya sayo wadda ta fi araha. Wannan sakaci yana kashe injuna da yawa, ya kuma kamata jama'a su farga.

Aikin filta shi ne tace baƙin mai yayin da yake zagayawa cikin inji, ta riƙe ƙura da ɓarɓashin ƙarfe waɗanda ba su kai kaurin gashin kai ba. A cikinta akwai takardar tacewa mai ninki-ninki, da bawul da ke buɗewa idan takardar ta toshe don kada inji ya rasa mai, da wata roba da ke hana man tsiyayewa bayan an kashe mota. Filta ta jabu takan zo da takarda kaɗan, mara ƙwari, wadda kan yage tun lokacin juye bai yi ba. Daga nan datti zai riƙa cin fistin da ringi a ɓoye, har ranar da inji zai buga a tsakiyar hanyar Kaduna. A ƙasa mai ƙurar hunturu irin Zazzau kuwa, ɓarnar ta fi sauri.

Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, mai 504 ya san dillalin da zai je wurinsa. Yanzu galibin motocin da ke kan titi na hannu ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje, kowace da irin filtarta. Tun da gwamnatin tarayya ta mayar da alawus na ma'aikata zuwa kuɗi a 2003, nauyin mota ya koma wuyan mai ita, janye tallafin fetur a 2023 kuma ya ƙara matse aljihu. Ba abin mamaki ba ne mutum ya nemi sauƙi. Sai dai abin da ya rage a kan filta bai kai komai ba idan aka gwada shi da kuɗin sauke inji.

Saboda haka ya kamata mai mota ya duba littafin motarsa, ya rubuta lambar filtar da ta dace, ya saya a wurin dillalin da zai ba shi rasit. Ya duba kwali da rubutun jikinta, ya tabbata robar bakinta lafiya take. A canza filta duk lokacin da aka yi juye, a gaban idonsa, a kuma miƙa masa tsohuwar. Zuba sabon mai a kan tsohuwar filta daidai yake da yin wanka a mayar da riga mai dauɗa.

Hukuma ma tana da nata alhakin. An kafa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, a 1971 domin irin wannan aiki. Ya dace jami'anta su riƙa shiga kasuwannin kayan gyara na Zariya akai-akai, tare da haɗin kan ƙungiyoyin bakanikai da na 'yan kasuwa, a kama masu shigo da jabu tun daga tushe. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli kuma suna iya shirya wa yaran gareji gajeren horo kan gane kaya masu inganci.

Bakanike da ya ɗaura wa mutum jabu alhali ya karɓi kuɗin ta ƙwarai ya ci amana. Shugabannin sana'ar su hukunta irinsa kafin ya ɓata sunan masu gaskiya, waɗanda su ne suka fi yawa.