Tsila da naman watanda: maganin tsutsa ba duka ɗaya ba ne

Tun da rago ya yi tsada muke ganin gidaje da yawa daga Maraɗi har Damagaram suna komawa ga watanda, ko mutum bakwai su haɗa kuɗin sa guda lokacin layya. Dabara ce mai kyau. Sai dai yawancin shanun nan a ƙofar gida ake yanka su, inda malamin dabbobi ba ya zuwa ya duba nama kamar a mahauta. Tsila kuwa, wannan doguwar tsutsar ciki mai faɗi, ta naman shanu take shigo mana, ba ta na rago ba.

Ƴaƴanta na ɓoye cikin tsoka, farare, kamar ƙwayar shinkafa, galibi a zuciya, harshe da naman kumatu. In aka ci tsire ko balangu da sauran ja a tsakiya, bayan wata 2 zuwa 3 sai mutum ya fara ganin guntaye masu motsi a bayan gida ko cikin wando. Tsawonta yakan wuce mita 5.

To, nan ne ake kuskure. Kunya ta hana faɗa, sai a tsai da mai tallar magani a sayi ƙwaya guda ta albendazole, irin wadda ake ba yara. Ita tana kashe tsutsotsi na gama-gari, amma shan sau ɗaya ba ya raba mutum da tsila. In kan ya zauna manne a hanji, jiki sake tsirowa yake. Maganinta praziquantel, wanda muka sani ana raba wa ƴan makaranta saboda tsargiya, ko niclosamide. Sau ɗaya ake sha, amma gwargwadon nauyin mutum, shi ya sa sai an je CSI an hau sikeli. Mai farfaɗiya da mai ciki su gaya wa likita tun farko. Bayan wata 3 a koma a sake gwajin bayan gida.

Wani abin da ba mu cika son ji ba: daga wurinmu shanun ke ɗauka. Fiye da rabin ƴan Nijar a daji suke kewayawa, ƙwan tsutsar ya zauna a ciyawa, saniya ta ci. Garin da babu masai, yau a sha magani, baɗi a sake kamuwa.

Ƴan uwa na Kano, Legas, Abijan da Libiya masu aiko da kuɗin layya, in kun bugo waya ku tambaya wa ya duba naman, kuma a bar shi kan wuta har jan ya ɓace.