Hotunan Tauraron Ɗan'adam: Shaidar Raunana Ko Makamin Masu Ƙarfi?

Da wuya a yau a ƙone gari ko a tara runduna a doron ƙasa ba tare da tauraron ɗan'adam ya ɗauki hoton wurin ba. Ƙasashe na musayar waɗannan hotuna da sunan tsaron duniya, kamar yadda Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Niyuzilan ke yi a ƙawancensu na leƙen asiri. Abin da ya kamata mu duba shi ne wanda ke riƙe da wannan ido, da wanda ake yarje wa ya gani da shi.

Alherinsa a bayyane yake. Lokacin da sojojin Myanmar suka afka wa Musulmin Rohingya a 2017, fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, hukumomi kuma suka musanta laifi. Hotunan da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar sun nuna ɗaruruwan ƙauyuka da aka babbake, kuma a 2019 Gambiya ta kai ƙara Kotun Duniya da goyon bayan ƙungiyar OIC. Haka cibiyar UNOSAT ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa ƙididdige gine-ginen da aka rusa a Gaza, masu bincike na Jami'ar Yale kuma suka nuna alamun kisan gilla a Alfashir ta Sudan a Oktoban 2025.

Sai dai hoto ba ya fassara kansa. Ranar 5 ga Fabrairun 2003, Colin Powell ya baje wa Kwamitin Sulhu hotuna a matsayin hujjar makaman ƙare-dangi na Iraƙi. An mamaye ƙasar, ba a sami makaman ba. Wata dokar Amurka ta 1997 ta hana kamfanoninta sayar da hotunan Isra'ila da yankunan Falasɗinawa masu cikakken bayani, ba a sassauta ta ba sai a 2020. A Maris na 2025 ma Amurka ta dakatar da bai wa Yukiren hotuna na ɗan lokaci domin matsa mata lamba. Mai ido shi ke zaɓen lokacin buɗe shi.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003 cikin haɗakar ƙasashe masu sa ido kan bala'o'i, yayin da Mali da Nijar da Burkina Faso suka ƙulla yarjejeniyar taurari da Rasha a 2024. Amma sauya ubangida ba ya kawar da dogaro, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna ganin haɗin gwiwar da za ta amfani raunana ita ce wadda ke buɗe hotuna ga kotuna da masu bincike masu zaman kansu, tana kuma horar da ɗalibanmu ilimin taswira da nazarin hoto. Addininmu ya hore mu da tantance labari kafin yanke hukunci, kuma wanda bai iya karanta hoto ba dole ya karɓi fassarar wani.